MA'AIKACI MAI BI TSAKANIN HUKUNCIN KOTU DA LAMIRINSA

Karatu: Romawa 13:1-7, Daniyel 6:1-23, Ayyukan Manzanni 5:27-42, 19:23-41

Ina gaida iyaye da yara da suka kewaye akwatin rediyo a Gadaka, da Fika, da Potiskum, da Nangere, da ƙauyukan da ke kewaye. Ina gaida 'yan'uwanmu Ngamo, da Karekare, da Ngizim, da Bolewa, da dukan waɗanda a gida harshen iyayensu suke yi, amma Hausa ta haɗa mu a majami'a. Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar biyayya.

Cikin wasiƙun da suka iso mana akwai ta wani ɗan'uwa daga Gadaka, ma'aikacin gwamnati ne, dattijo kuma a ikilisiyarsu. Ya ce ɗansa ya nuna masa a waya labarin wata mata a Amurka wadda aka kulle domin ta ƙi bin umarnin kotu a kan auren jinsi ɗaya, watau auren namiji da namiji ko mace da mace. Ɗan ya ce jaruma ce ta bangaskiya. Wani abokin aikinsa kuwa ya ce ta karya rantsuwar da ta yi ranar da ta kama aiki. Sai ya tambaya, "Malam, in da ni ne a kan kujerar nan, me zan yi?" Baba, mun gode da wannan tambaya, gama ta shafi kowane mai bi da yake riƙe da hatimi, ko mabuɗi, ko alƙalamin gwamnati.

Abin da ya faru a Amurka

A ranar 26 ga Yuni 2015, Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa dole kowace jiha ta ba masu jinsi ɗaya takardar izinin aure. A jihar Kentucky akwai wata mata mai suna Kim Davis, wadda jama'a suka zaɓa ta zama magatakardar gundumar Rowan. Ofishinta ne yake ba da takardun izinin aure, sunanta kuma yana kan kowace takarda. Ta ce lamirinta bai yarda sunanta ya hau irin wannan takarda ba. Saboda haka ta tsai da ba da takardar aure ga kowa da kowa, har da namiji da mace da suka zo neman aure irin wanda ita kanta ta yarda da shi.

Waɗanda aka hana suka kai ƙara. Alƙali David Bunning ya umarce ta ta ci gaba da ba da takardun. Ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, ba a dakatar da umarnin ba, amma duk da haka ta ƙi. A ranar 3 ga Satumba 2015 alƙalin ya sa aka kulle ta saboda raina kotu. Biyar daga cikin mataimakanta shida suka yarda za su ba da takardun, aka kuwa sake ta ranar 8 ga wata. A shekarar 2016 majalisar dokokin jihar ta yi doka, aka cire sunan magatakarda daga takardar aure gaba ɗaya. A 2018 ta faɗi zaɓe. A 2023 kotu ta ce ta biya diyyar dala 100,000 ga mutum biyu da ta hana takarda, kuma a Nuwamba 2025 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar da ta ɗaukaka a kan wannan.

Kafin mu ci gaba, bari in faɗi inda muke tsaye. Koyarwar ikilisiyoyinmu a kan aure ba ta sake ba: daga Farawa sura 2 da Matiyu sura 19 muke koyar da cewa aure alkawari ne tsakanin namiji da mace. Dokar ƙasarmu kuma dabam take da ta Amurka. A Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar da ta haramta auren jinsi ɗaya, da ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi, da shekara 10 ga waɗanda suka tsaya shaida ko suka taimaka. Ban da wannan, Yobe tana cikin jihohi 12 na Arewa da suke da kotunan shari'ar Musulunci masu hukunta laifuffuka. Saboda haka babu kotun da ta umarci wani ma'aikaci a Potiskum ya ɗaura irin wannan aure. Amma kada mu ce maganar ba ta shafe mu ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tambayar da ke ƙarƙashin labarin nan tana tare da mu kowace rana: idan kotu ta yi hukunci, ma'aikaci kuma bai so ba, wa za a bi?

Na ɗaya: Allah ne ya kafa hukuma

A Romawa sura 13 Manzo Bulus ya koya mana cewa ikon masu mulki daga wurin Allah yake fitowa, mai mulki kuma bawa ne da aka sa domin ya tsare mai gaskiya, ya hori mai mugunta. Ya ce mu yi biyayya saboda lamiri, ba domin tsoron bulala kaɗai ba. Ku lura da lokacin da ya rubuta wannan. Niron ne yake kan gadon sarautar Roma, mutumin da bai san Allah ba, wanda daga baya ya tsananta wa masu bi ƙwarai. Manzo Bitrus ma ya faɗi haka a wasiƙarsa ta fari, sura 2.

Mu mutanen Yobe mun san amfanin hukuma, domin mun ɗanɗani rashinta. Mun tuna da ranar 4 ga Nuwamba 2011, sa'ad da aka ƙone majami'u a Damaturu. Mun tuna da shekarar 2012 a Potiskum, lokacin da iyalai da yawa suka bar gidajensu da gonakinsu suka gudu. A kwanakin nan babu wanda ya yi addu'a a rage masa doka. Kukanmu shi ne, ina 'yan sanda, ina alƙali, ina mai tsaya mana? Inda babu kotun da ake jin maganarta, mai bindiga da mai yawan jama'a su ne alƙalai.

Na biyu: biyayya tana da iyaka

Duk da haka Littafi Mai Tsarki bai ce mu yi dukan abin da aka umarce mu ba. A Fitowa sura 1 Fir'auna ya umarci ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, su kashe jarirai maza na Ibraniyawa. Suka ji tsoron Allah, suka ƙi, Allah kuwa ya sa musu albarka. A Daniyel sura 3 Shadrak da Meshak da Abed-nego, dukansu manyan ma'aikatan gwamnatin Babila, suka ƙi yi wa gunkin zinariya sujada. A Ayyukan Manzanni sura 5 majalisa ta hana manzanni wa'azi, Bitrus ya amsa musu cewa in umarnin mutum ya yi karo da na Allah, na Allah za su bi.

Yanzu ku dubi yadda suka ƙi, gama a nan darasin yake. Mu ɗauki Daniyel a sura 6. Yana ɗaya daga cikin manya uku da Sarki Dariyus ya sa a kan hakimai 120. Maƙiyansa suka bincika aikinsa ciki da waje, ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Da aka kafa dokar hana addu'a ta kwana 30, Daniyel yana da ikon da zai ɓoye takardar, ko ya hana 'yan aike su kai ta larduna, ko ya tara mutanensa su yi bore. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tafi ɗakinsa, ya durƙusa sau uku a rana kamar yadda ya saba, taga a buɗe. Da aka zo kama shi, ya bi su har ramin zakoki. Manzanni ma da dogarai suka zo, sun bi su ba tare da faɗa ba, suka sha bulala, suka fita suna murna.

Abu uku muke gani a nan. Sun ƙi aikata zunubin da hannunsu. Sun ƙi a fili, ba da dabara ko ɓoye fayil ba. Kuma su da kansu suka ɗauki hukuncin, ba su ɗora wa wani ba.

Na uku: kujerar amana ce, ba gādo ba

To, mu koma ga matar nan ta Kentucky. Masu bi na Amurka kansu ra'ayinsu ya rabu a kanta, ni kuma ba alƙalin zuciyarta ba ne. Akwai abin da zan yaba: ba ta gudu ba, ba ta yi ƙarya ba, ta yarda ta kwana a kurkuku saboda abin da ta gaskata. Mu nawa ne za mu yarda mu rasa ko albashin wata ɗaya saboda lamiri? Hujjarta kuma ita ce, ko mataimakinta ne ya ba da takardar, sunanta ne a kai.

Amma a ganina akwai inda ta wuce Daniyel. Ta rufe ƙofar ofis ga dukan jama'ar gunduma, ta kuma hana mataimakanta yin abin da su lamirinsu ya yarda da shi. Ofishin ba nata ba ne, na jama'a ne, amana aka ba ta. A shekarar nan ta 2015, a wata gunduma ta jihar Tennessee, wata magatakarda da ma'aikatanta biyu sun fuskanci wannan gwaji, sai suka ajiye aikin suka tafi gida. Sun rasa albashi, amma sun tsare lamirinsu, ba su kuma mai da kujerar gwamnati sandar dukan kowa ba. Ku kuma lura, maganin damuwar Kim Davis ta hanyar doka ya zo, sa'ad da aka cire sunan magatakarda daga takardar.

Wani zai ce, "Malam, ai a kan gaskiya take, me ya sa ba za ta yi amfani da ikonta ba?" Ɗan'uwana, juya maganar ka gani. A ce ikilisiyarku ta sayi fili, aka yi gardama, kuka je kotu, kuka yi shekara biyar kuna biyan lauya da kuɗin baiko, har alƙali ya ce filin naku ne. Kuka kai takardar hukunci ofis, sai ma'aikacin da zai sa hannu ya ce, "Addinina bai yarda in sa hannu a gina majami'a ba." A ce gwauruwa ta ci shari'ar gonar mijinta, wanda zai aiwatar da hukuncin ya ce al'adarsu ba ta yarda mace ta riƙe gona ba. Su ma lamiri za su ambata. In mun yarda kowane ma'aikaci ya zaɓi hukuncin da zai bi bisa ga addininsa, wa zai fi shan wuya a jiha irin tamu, inda mu ne 'yan kaɗan? Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere, domin ba ka san wanda zai faɗa ba.

Kundin tsarin mulkinmu na 1999, a sashe na 38, ya ba kowa 'yancin lamiri da addini. Kundin nan kuma, a sashe na 287, ya ce dukan hukumomi da dukan mutane su aiwatar da hukuncin kotuna. Sassan nan biyu tare suke tafiya, gama ranar da aka take maka na 38, na 287 ne zai dawo maka da shi. Mun kuwa ga yadda ake yi sa'ad da masu iko suka ƙi. Kanar Sambo Dasuki ya zauna a tsare daga Disamba 2015 zuwa Disamba 2019, ko da yake kotuna sun ba da belinsa, kotun ECOWAS ma ta ce a sake shi. A Disamba 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky na Zariya cikin kwana 45, amma bai fita ba sai Yuli 2021, bayan wata kotu a Kaduna ta sallame shi. Ba Kiristoci ba ne, wataƙila kuma ba ka yarda da su ba. Amma in ana iya riƙe babban mutum bayan alƙali ya ce a sake shi, ina ga manomi daga Gadaka?

Littafi Mai Tsarki ya san irin waɗannan masu iko. Gwamna Filikus ya bar Bulus a kurkuku shekara biyu, yana sa zuciya a ba shi cin hanci, yana kuma neman farin jini wurin masu ƙararsa. Bilatus ya faɗa da bakinsa cewa bai sami Yesu da laifi ba, amma ihun taro ya fi ƙarfinsa. A Filibi kuwa, da mahukunta suka yi wa Bulus da Sila dūka ba tare da shari'a ba, suka so su sallame su a ɓoye, Bulus ya ce sai su zo da kansu su fitar da su, domin shi ɗan ƙasar Roma ne. Ashe ba rashin bangaskiya ba ne mai bi ya nace ma'aikata su bi doka.

Na huɗu: magatakardan Afisa

Akwai wani magatakarda a Ayyukan Manzanni sura 19. Maƙeran azurfa a Afisa suka ga wa'azin Bulus yana kashe musu kasuwar gumaka, sai suka ta da gari. Aka ja abokan tafiyar Bulus biyu zuwa dandali, aka yi wajen awa biyu ana ihu, yawancin mutanen ma ba su san abin da ya tara su ba. Sai magatakardan garin ya miƙe. Shi ba mai bi ba ne, ya ma yabi gunkiyarsu. Amma ya gaya musu cewa in Dimitiriyas yana da ƙara, akwai kotu, akwai alƙalai, ya je can. Ya sallami taron. Ta wurin ma'aikaci ɗaya da ya tsaya a kan doka Allah ya ceci rayukan bayinsa.

A ƙasarmu, a kan maganar jinsi ɗaya, ta wannan gefe gwajin yake zuwa. A Janairu 2014, a garin Bauchi, ana shari'ar wasu maza da aka zarga da wannan, sai taro ya yi ta jifan kotun da duwatsu, suna neman a kashe su nan take, har jami'an tsaro suka yi harbi sama kafin a fitar da su. A Afrilu 2017 aka kama mutum 53 a Zariya bisa zargin halartar bikin irin wannan aure. Sun musanta zargin, kotun majistare kuma ta ba da belinsu. To, a ce kai ne ɗan sandan, ko ganduroban, ko akawun kotun da takardar beli ta iso hannunsa. Unguwa tana cewa kada a sake su, zuciyarka ma ba ta so. Me za ka yi? Ka buɗe ƙofa, ka kuma tsare su daga hannun taro. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake zargi marar laifi ne sai kotu ta tabbatar. Zargi ba shaida ba ne, sau da yawa ma ƙiyayya ko neman kuɗi ne yake haifar da shi.

Mun yi kuka a Mayu 2022 sa'ad da taro ya kashe ɗaliba Deborah Samuel a Sakkwato ba tare da an kai ta gaban alƙali ba. In mun yi kuka a kan wannan, ba za mu tafa wa taro ba ranar da ya juya kan wanda muke gani mai zunubi ne. Dutsen taro ba ya tambayar addini. Ku tuna da Yahaya sura 8. Aka kawo wa Yesu mace da aka kama cikin zina, mutane riƙe da duwatsu. Bai ce abin da ta yi daidai ne ba, ya gargaɗe ta ta rabu da zunubi. Amma ya sa kowa ya dubi zuciyarsa, har suka watse ɗaya ɗaya, daga manya zuwa ƙanana. Mutumin da ake zargi, cikin kamannin Allah aka halicce shi, ɗan wani ne, Almasihu kuma ya mutu dominsa kamar yadda ya mutu domina da kai.

Amsa ga ɗan'uwanmu na Gadaka

Baba, ga shawarata. In umarnin kotu ya zo teburinka, fara tambayar kanka da gaskiya a gaban Allah: ana so in yi zunubi ne da hannuna, ko kuwa hukuncin ne kawai bai yi mini daɗi ba? Yawancin lokaci na biyun ne, sai ka yi aikinka ba jinkiri, ba neman goro. In kuwa ka tabbata zunubi ne, kada ka yanke shawara kai kaɗai, ka zauna da fastonka da dattawa, ka nemi lauya mai tsoron Allah. Ka gaya wa shugabanka a fili, a rubuce, ka roƙa a ɗauke maka wannan aiki. Kada ka ɓatar da fayil, kada ka ce mabuɗi ya ɓace, kada ka tsoratar da na ƙasa da kai. In hukuncin bai yi daidai ba, akwai ɗaukaka ƙara, akwai majalisar dokoki, akwai ƙuri'a. Bulus kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. In dukan hanyoyin nan sun toshe, ka ajiye kujerar, ko ka ɗauki horon da haƙuri kamar Daniyel. Ku kuma 'yan ikilisiya, in ɗan'uwa ya rasa aikinsa ta haka, kada ku bar shi da yabo kawai. Ku kai masa dawa da gero, ku taimaka da kuɗin makarantar yaransa.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne Alƙalin dukan duniya. Muna roƙo domin alƙalai, da 'yan sanda, da gandurobobi, da dukan ma'aikatan Jihar Yobe da na ƙasarmu Nijeriya, ka ba su tsoronka. Ka ba 'ya'yanka da suke ofisoshi hikimar rarrabe umarninka da son zuciyarsu, da ƙarfin halin ɗaukar giciye in ranar ta zo. Ka tsare gidajenmu da aurenmu. Ka kawar da dutse daga hannunmu, ka sa jinƙai a zuciyarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.

Ayar haddacewa: Mika 6:8

Tambayoyi domin tattaunawa a gida:

1. Waɗanne abubuwa ne Daniyel yake da ikon yi da kujerarsa, amma bai yi ba? Don me?
2. Yaya za ka bambanta umarnin da yake sa ka zunubi da umarnin da bai yi maka daɗi ba kawai?
3. In ka ga taro ya kama wani a kasuwa bisa zargi, me ya kamata ka yi, me kuma za ka koya wa yaranka su yi?